DARASIN WATA: GIDA BIYU MAGANIN GOBARA

Tun kaka da kakanni ana noman taba a wasu fadamun ƙasar Hausa. A shekarar 1959 Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'anta a Zariya. Daga nan manoma da yawa suka riƙi taba ita ce hanyar samun kuɗinsu. Wannan darasi na duk manomin da ya dogara ga taba ne, musamman a yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura.

ILLAR DOGARA GA ABU ƊAYA

Taba tana kawo kuɗi, amma ba a tuwo da ita. Masu sayenta kaɗan ne. Su ke duba ganye, su ke yanka farashi. Idan suka ƙi saye, manomi ba shi da ta cewa. Taba kuma tana cinye ƙarfin ƙasa. Mai tsinkar ɗanyen ganye da raɓa yakan yi jiri da amai, domin dafin taba yana shiga ta fata.

Ban da haka, hukuma tana ƙoƙarin rage shan taba saboda cututtukan da take jawowa. A shekarar 2015 Nijeriya ta kafa dokar taƙaita shan taba da tallarta.

Dattawa ba su manta da 1975 ba. A shekarar ne cuta ta faɗa wa gyaɗa a ƙasar Kano. Wanda ya shuka gyaɗa zalla ya tashi a tutar babu. Wanda ya haɗa da gero da wake ya sami na sawa a bakin salati. Abin da ya sami mai gyaɗa yana iya samun mai taba.

ME ZA A SHUKA?

Jigawa, wato ƙasa mai rairayi, tana karɓar gero, wake, gyaɗa, riɗi da zoɓo. Gero abinci ne. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu kuma ta dabbobi ce. Riɗi da zoɓo ba su son ruwa da yawa, ana kuma fitar da su ƙasashen waje.

A fadama da bakin dam ana noman rani: albasa, masara, tumatir, tattasai da attaruhu. Amma a lura. Tumatir, tattasai da attaruhu dangin taba ne, cutarsu ɗaya. Kada a dasa su inda aka cire taba. A fara sa albasa ko masara ko wake a wurin.

Ba a ce a watsar da taba rana ɗaya ba. A raba gona kashi huɗu. Bana a ware kashi ɗaya don sabon amfani. Idan ya yi kyau, baɗi a ƙara. Da rarrafe yaro kan tashi.

KASUWA KAFIN SHUKA

Manomi mai dabara yakan shiga kasuwa tun kafin ya ɗauki sungumi. Yakan tambayi abin da ake nema da lokacin da yake tsada. Wake, gero da albasa suna da masu saye a kowace kasuwar ƙauye. Fatake suna kwasar riɗi da zoɓo zuwa Dawanau a Kano. Ɓaɓura tana kusa da iyakar Nijar. Maigatari kuma tana ci ranar Alhamis.

Da kaka kaya sukan yi arha, domin kowa ya kawo. Mai haƙuri yakan adana. A zuba busasshen wake a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ƙwari ba za su ci ba. Tumatir idan ya yi kwantai a yanka a shanya, ya zama kauɗa.

Mata ma da rabonsu. Gyaɗa tana ba da mai da ƙuli-ƙuli. Riɗi yana ba da kantu. 'Ya'yan zoɓo suna ba da daddawar batso.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan manoma goma suka haɗa kayansu, mota ɗaya ta ishe su, dillali kuma ba zai raina su ba. A rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu. Ga amfanin ajin yaƙi da jahilci. Mai neman ingantaccen iri ya tuntuɓi malamin gona na hukumar JARDA.

TAMBAYOYI

1. Me ya sami masu gyaɗa a 1975?
2. Don me ba a dasa tumatir a bayan taba?
3. Rubuta amfanin gona uku da ake nema a kasuwar garinku.