Yadda Ake Haɗa Makunni Mai Madanni Biyu Ba Tare da Wuta Ta Ja Mutum Ba

A ɗakuna da yawa na Ƙauyen Alu, Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni, da an shiga ƙofa za a ga farin makunni mai madanni biyu a jikin bango, ɗaya na ƙwan cikin ɗaki, ɗaya na ƙwan waje. Ranar da ya fara tartsatsi ko ya ƙi kamawa, matashin da ya saba kallon masu gyaran waya a Farm Centre sai ya ga ai wannan ma ƙaramin aiki ne. Haɗin kam ba shi da wuya. Amma batirin wayar hannu bai kai bolt 5 ba, wutar bango kuwa bolt 230 ce.

Kuskuren farko shi ne jiran a ɗauke wuta sannan a ɗauko sukudireba. Wutar KEDCO, wadda har yau ake ce wa NEPA, ba ta yin sallama idan za ta dawo. A gidan haya kuma wani zai iya tayar da janareta ya juya canji-oba alhali hannun mutum yana cikin akwati. Don haka a sauke babbar birekar gidan, a kashe inbata idan akwai, a kuma sanar da duk mutanen gida. Kafin a sauke birekar, a gwada tasta a soket mai wuta don a tabbatar tana aiki, sannan a taɓa kowace waya ta cikin akwatin da ita. Mai mitar awon wuta ya fi mai tasta kwanciyar hankali.

Kafin a kwance ko sukur ɗaya, a ɗauki hoton bayan makunnin da wayar hannu. Bayan minti goma mutum ba zai tuna wace ce ta fito daga ina ba.

A bayan kowane madanni akwai ramuka masu rubutu: COM, wani kamfanin ya rubuta L kawai, sai L1, wani lokaci har da L2. Waya mai ɗauke da wuta, wadda masu wayarin ke kira laif, ita ce ke shiga COM na madanni na farko. Daga nan sai a yanko guntuwar waya a yi gada zuwa COM na biyu, don su sha daga tushe ɗaya. Wayar da ta tafi ƙwan ɗaki ta shiga L1 na farko, ta ƙwan waje ta shiga L1 na biyu. L2 a bar shi haka. Aikinsa sai inda ake so a kunna ƙwai ɗaya daga wuri biyu, kamar ƙasa da saman bene.

Nutural ba ta da hurumi a cikin makunni. Idan ta biyo ta akwatin, a haɗa ta da 'yan uwanta a cikin kwanekta, ba a murɗe a naɗe da salatif ba. Wayar ƙasa, mai kore da rawaya, a ɗaure ta a jikin akwatin idan na ƙarfe ne.

A tsohon tsari laif ja ce, nutural baƙa. A sabon tsari laif ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya. Sai dai kala ba shaida ba ce, domin wani mai aikin duk wayar da ta rage masa a buhu da ita yake ƙarasawa.

Nan ne babban hatsarin yake. Idan aka ɗora makunni a kan nutural maimakon laif, ƙwan zai kama, zai kuma mutu idan an danna, komai ya yi kamar daidai. Amma wuta tana nan kwance a cikin holda dare da rana. Ranar da ƙwan ya ƙone, wani ya kashe makunni, ya hau kujera, ya sa yatsa a ciki. Kada kuma a dogara da bireka: ta layin fitilu yawanci amfiya 6 ce ko 10, an yi ta ne don kare waya daga ƙonewa. Na'urar da ake sawa don kare rai tana yankewa ne a miliamfiya 30, wato kashi ɗaya cikin 200 na amfiya 6. Wutar da ta isa ta tsayar da zuciya za ta ratsa jikin mutum birekar ba ta ko motsa ba, balle idan damina ce, ƙasa a jiƙe, ƙafa babu takalmi. Ƙwan LED da ke ɗan haske ko ƙyaftawa bayan an kashe shi yana iya zama alamar wannan kuskure, ya kamata a bincika.

Wayar fitila mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ce, ta soket 2.5. Jawo soket daga bayan makunni don a jona dutsen guga ko hita gayyatar gobara ce. Haka ma sukur da bai ɗauru ba: waya mai lilo tana zafi, robar ta narke, shi ne warin da ake ji kafin a ga hayaƙi. A fere bawon wayar daidai zurfin ramin, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, a ɗaure, sannan a ɗan ja ta a gani ko za ta zare.

Masu sha'awar makunnin zamani da ake sarrafawa da manhajar waya su lura, yawancinsu suna buƙatar nutural a cikin akwatin, tsohon wayarin kuwa sau da yawa laif kaɗai yake kawowa. A duba kafin a kashe kuɗi.

Idan aka buɗe aka tarar da baƙin ƙuna, ko wayoyin da suka wuce waɗanda aka lissafa a nan, ko tasta ta kama bayan an sauke bireka, a rufe a kira ƙwararre. Hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin shaidar ƙwarewa a Najeriya, babu laifi a nemi ganin ta. Idan kuwa komai ya tafi daidai, a mayar da murfin kafin a ɗaga bireka, a gwada madannan ɗaya bayan ɗaya, sannan a kashe su, a cire ƙwan, a sa tasta a holda. Ta kama, to haɗin ya juye, sai a sake sauke bireka a nemo ainihin laif.