Amsoshin Tambayoyinku: Wuni Ɗaya a Tsibirin Wuta, Wane Ayari Zan Bi?

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwar albasa da shinkafa ne a nan Tumbutu ta ƙasar Malanbil a Benin, shekaruna sun doshi sittin. Ɗana na fari ya daɗe yana kasuwanci a Praia, babban birnin Cabo Verde, bana kuma ya matsa sai mun je ni da mahaifiyarsa mun ga jikoki. Cikin abin da ya shirya mana har da ziyarar wani tsibiri wai shi Fogo, inda dutse yake aman wuta. Ya turo mini talla uku ta WhatsApp, kowa yana cewa mutane kaɗan yake ɗauka, wuni guda, a ga tsibirin kaf. Na farko da jirgin sama za a je a komo Praia a ranar. Na biyu zagaye ne da mota. Na uku har da hawan dutsen. Ni iyakar tsibirin da na sani gungun da ke cikin kogin Isa ne. Wanne zan zaɓa, kuma babu haɗari? Daga mai karatunku a Tumbutu.

AMSA: Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya kai ku lafiya. Shawarata ita ce ka ɗauki na motar, amma da sharaɗi biyu: ku kwana a Fogo kafin ranar yawon, kuma a rubuta maka cewa mafi yawan wunin a cikin kwarin dutsen za a yi shi, wurin da ake kira Chã das Caldeiras. Bari in faɗa maka dalili.

Gungun da ka sani, irin su Lete da kotun duniya ta ba Nijar a 2005, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ruwa ya tara ta, ruwa yana cin gefenta. Fogo kuwa kan dutse ne da ya taso daga ƙarƙashin teku. Tsibirin kusan kewayayye ne kamar faifai, faɗinsa bai wuce kilomita 25 ba, mutanensa kimanin 35,000. Wanda ya dube shi a taswira sai ya ce kafin azahar an gama. Sai dai ƙololuwarsa, Pico do Fogo, ta kai mita 2,829 sama da teku, alhali Malanbil ba ta kai mita 200 ba. Duk hanyar da ke tsibirin hawa ce ko gangara, da kwana-kwana, wani wurin ma daɓen duwatsu ne da ke jijjiga mota. Kilomita goman da kabu-kabu zai share maka cikin 'yan mintuna a hanyar Gaya, a can sai ta ci ninkin haka. Sunan kansa, Fogo, da harshen Fotugal wuta ke nan.

Abin da ya sa ake zuwa tsibirin yana sama. Daga garin São Filipe da ke bakin teku, mota tana hawa sama da awa guda, kunnuwa suna toshewa, iska tana ƙara sanyi, sai kwatsam hanya ta sha kwana ta shiga wani makeken kwari mai faɗin kilomita 9. Katangar dutse ta kewaye shi ta yamma kamar rabin tukunyar da ta fashe, tsayinta a wani wurin ya kusa mita 1,000. Ƙasan kwarin baƙi ne ƙirin, narkakken dutse ne da ya daskare, wani kamar igiya da aka murɗa, wani kamar gawayin maƙera. A tsakiya dutsen yake tsaye. Kuma a cikin wannan baƙar ƙasa, a tsayin mita 1,700, mutane ne zaune da gonakinsu. Kai da kake noman rani da injin ban-ruwa, ka dubi yadda suke yi: kowane kurangar inabi an tona mata rami cikin baƙin tsakuwa, babu rijiya babu lambatu, tsakuwar ce take riƙe danshi ta hana rana shanye shi. Da haka suke samun inabi da tuffa da rumman da ɓaure da wake. Ruwan sha na sama ne, suna tara shi a tankuna. Tsofaffin ɗakunansu kewayayyu ne kamar namu na karkara, sai dai da baƙin dutse aka gina su.

Dutsen ya yi aman wuta a 1951, ya sake a watan Afrilu na 1995, sannan ranar Lahadi 23 ga Nuwamba, 2014 ya ɓarke ta gefensa, bai lafa ba sai farkon Fabrairun 2015. Narkakken dutsen ya yi ta rarrafe a hankali, har mutane suka samu kwashe dabbobi da kayan ɗaki, wasu suka ɓalle ƙofofi da tagogi. Ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, ya haɗiye hanya, ya cinye sabon ginin hukumar kula da gandun dutsen da aka buɗe a shekarar. An kwashe mutum wajen dubu, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Da wutar ta mutu sai suka dawo, suka sake gini, wasu a kan dutsen da ya binne gidajensu tun yana da sauran ɗumi.

Wannan ya kawo ni kan maganar da ta fi kowace nauyi a wurina, wato ɗan jagora. Lokacin da na je, wanda ya yi mana rakiya haifaffen kwarin ne. Muna tafe a kan baƙin dutse sai ya tsaya, ya nuna wani siminti fari da ya ɗan leƙo daga ƙasa, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Ya ce rufin gidan da aka haife shi ke nan, ɗakunan suna ƙarƙashin ƙafafunmu. Ya nuna inda ƙofa take, da inda mahaifiyarsa take ɗaure awaki. Ba wanda ya yi magana a cikinmu na ɗan lokaci. Direban da aka ɗauko daga wani tsibiri zai iya kai ka wurin ya ce ka ɗauki hoto, amma wannan labari sai mai shi. Kai ma in baƙo ya ce ka nuna masa Isa, ai Basarken da ya san inda ruwa yake juyawa da inda dorina take kwana za ka nemo masa. To ka tambayi kowane mai talla: wa zai yi mana jagora a cikin kwarin, ɗan can ne? Yana jin Faransanci? Harshen hukuma a ƙasar na Fotugal ne, na gida kuma Kiriyol, saboda haka kada ka ɗauka kowa zai fahimce ka. Akwai 'yan jagora masu Faransanci, amma sai an nema tun da wuri. Kuɗin da ka ba ɗan kwarin kuma yana zuwa hannun mutanen da suka yi asarar gidajensu, wannan ma abin dubawa ne.

Yanzu lissafin wuni. Masu cewa a ga tsibiri kaf suna nufin a bi hanyar da ta zagaye shi: a tashi São Filipe, a tsaya Ponta da Salina inda teku ya huda baƙin dutse, a wuce Mosteiros ta arewa maso gabas inda ake noman kofi, a biyo ta Cova Figueira a dawo. Hanya ce mai kyan gani, ban raina ta ba. Amma idan aka haɗa ta da hawa kwarin a rana ɗaya, abin da yakan faru shi ne a wuni a mota, a isa kwarin rana ta karkata, a ci abinci a gurguje, a juyo. Ka sa ɗanka ya tambaye su ƙarfe nawa ake shiga kwarin, ƙarfe nawa ake fita. In bai kai awa huɗu ba, ka nemi wani. São Filipe ba ta buƙatar ɗan jagora. Da yammacin ranar da kuka sauka, ku taka a hankali ku ga tsofaffin benayen da ake kira sobrado, na masu gonaki da bayi a zamanin Fotugal, iyayen gida a sama, bayi da kaya a ƙasa. Kakannin yawancin mutanen da za ka gaisa da su daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwaso su.

Hawan ƙololuwa kam, Alhaji, ka bar wa yara. Ana tashi da asuba, a yi awa uku zuwa huɗu ana hawan sama da mita 1,000 cikin tsakuwa mai zamewa, wani wurin har da dafa hannu, ga numfashi yana ƙaranci. Duk wanda ya ce zai haɗa maka wannan da zagayen tsibiri a wuni guda bai gaya maka gaskiya ba. Akwai ƙaramin bakin da ya yi aman 2014, shi ana zuwa a dawo cikin awa biyu zuwa uku, kuma a can za ka ji warin farar wuta, ka ga duwatsu sun rine rawaya da ja, ka kara tafin hannu kusa da tsaga ka ji huci yana fitowa. In gwiwar Hajiya ba ta yarda ba, ta zauna a ƙauyen, dutsen yana gabanta ko'ina ta juya.

Na jirgin sama a je a dawo a rana ɗaya shi na fi ƙi. Tafiyar Praia zuwa São Filipe kimanin rabin awa ce, gaskiya ne, amma hazon nan da yake rufe muku gadar Malanbil a hunturu shi ne yake tsallaka teku ya sauka a Cabo Verde. Su suna ce masa bruma seca. Daga Disamba zuwa wajen Maris yakan hana ƙananan jirage sauka, wani lokaci kwana da kwanaki. Jirgin ruwa yana ɗaukar wajen awa huɗu, teku kuma yakan yi fushi, shi ma akan ɗage shi. Ku ware kwana biyu a Fogo, kuma kada ranar komawarku Praia ta zama jajiberin tashinku zuwa gida.

Sai batun "mutane kaɗan". Kalmar nan ba ta da awo, ka sa a auna maka ita. Motocin da ake yawo da su galibi Toyota Hiace ne, ko a-kori-kura mai benci a baya. Na taɓa biyan kuɗin ƙaramin ayari a wurin wani dillali, da safe na tarar ya haɗa mu da wasu ayari biyu, mu goma sha huɗu a mota ɗaya, na tsakiya ba ya ganin komai sai ƙeyar na gaba, kuma kowace tsayawa sai an yi rabin awa ana jiran wani. Ka san yadda kwale-kwale yake idan mai shi ya yi haɗama. A rubuta maka adadi. Shida zuwa takwas ya yi daidai. Da yake ku iyali ne, ka lissafa ma ko ɗaukar shatar mota da ɗan jagora naku na kanku ba zai zo kusan kuɗi ɗaya ba, ga shi ku za ku ce a tsaya, ku za ku ce a tafi. Ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da abincin rana da ladan ɗan jagora, da abin da zai faru da kafin-alƙalaminka in jirgi bai tashi ba. Lissafin canji mai sauƙi ne, domin kuɗinsu eskudo da sefa duka a jikin yuro aka ɗaure su: yuro ɗaya eskudo 110 ne da 'yan kai, sefa kuma 656. Duk farashin da aka faɗa maka da eskudo ka ninka shi shida, eskudo 1,000 jaka shida ke nan. Ku riƙe tsabar kuɗi, kada ku dogara da kati a kwarin.

Akwai abin da talla ba za ta gaya wa Musulmi ba. Kwarin ya yi suna da giyar inabi, kuma kusan kowane ayari yana da tsayawar ɗanɗana ta. Ka faɗa tun farko cewa ba kwa sha, a cire muku kuɗinta, ku yi amfani da lokacin ku shiga gona. Shahararren abincinsu, kacupa, masara ce da wake kamar fate, amma sau da yawa da naman alade ake dafa shi. Ku nemi kifi, ko ku ce a yi muku na wake zalla a tukunya dabam. Cukun akuyarsu yana da daɗi, mai laushi ne, bai bushe kamar namu ba, kofin Mosteiros kuma tsaraba ce mai kyau. Kada ka sa rai da masallaci a hanya. Ka tafi da darduma da buta da ruwanka, tunda ruwa abu ne mai tsada a wurinsu, ka gaya wa direba lokacin azahar tun da safe. Alƙibla gabas ce, ka ɗan karkata arewa. Agogonsu yana bayan na Benin da awa biyu.

Haɗari fa? Dutsen yana raye, ba a ɓoye wannan. Hukumar yanayi da binciken ƙasa ta ƙasar, INMG, tana da na'urorin da ke sauraron motsinsa, kuma a 2014 girgiza ta riga wutar zuwa. In hukuma ta ce a dakata, a dakata. Abin da ya fi kama baƙi ƙanana ne: daskararren dutsen yana yanka kamar fasasshiyar kwalba, don haka takalmi sawu-ciki mai kaurin ƙasa za ku sa, ban da silifa. Rana a can sama tana ƙuna ko da iska tana sanyi. Teku a bakin baƙin yashin São Filipe yana da ja, a tsaya a gefe a kalla. Ka riƙe fasfo da tikitin dawowa da adireshin ɗanka a hannu, domin ko da yake Cabo Verde tana cikin ƙungiyar CEDEAO kuma ɗan Benin ba ya neman biza, jami'an filin jirgi sukan tambayi waɗannan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin tafiya, ya gaya masa zai hau mita 1,700. Rigar sanyin da kake sawa in za ka tsallaka kogi da asubar Janairu, ka sa ta a jaka, ka sa wa Hajiya bargo ma, in har za ku kwana a kwarin.