Maƙoƙon da Ya Gangara Cikin Ƙirji

Ya ɗan'uwa, ba kowane maƙoƙo ne yake tsayawa a wuya ba. Wani yakan gangara ya shige bayan ƙashin ƙirji, inda ido ba ya gani. A can wuri ya matse, sai ya danne hanyar numfashi da hanyar abinci.

Ga yadda za ka gane shi. Numfashi yana yi maka wuya in ka kwanta rigingine. Tuwo ko kisra yana tsaya maka a maƙogwaro. Muryarka ta dushe. In ka ɗaga hannuwanka biyu sama na minti 1, sai fuska ta kumbura, jijiyoyin wuya su fito.

Gishiri mai aidin yana tsare mutum daga maƙoƙo, amma ba ya narkar da irin wannan. Tsaga da ƙaho ma ba sa kai gare shi. Maganinsa tiyata.

Ka je asibitin Kamlin a duba ka. Za a tura ka Wad Madani ko Khartum a ɗauki hoton ƙirji, a gwada jini. Kada ka ji tsoro: galibi ta wuya likita yake ciro shi, da kyar ake buɗe ƙirji.

Bayan aiki, in leɓe ko yatsu suna mirmirwa, ka faɗa wa nas nan take. In an cire duka, za ka sha ƙwayar tairoksin kowace safiya har ƙarshen rai.

Kada ka jira sai numfashi ya toshe da dare. Allah ya ƙara lafiya.