Amsar Tambaya: Ɗumama Gida da Zafin Ƙasa da Rana

Tambaya: Malam, ina zaune a Ingila, kuɗin gas ya ishe ni. Shin injin da ke zuƙo ɗumi daga ƙarƙashin ƙasa zai biya, in na haɗa shi da na rana?

Amsa: Ɗan'uwa, yana iya biya, amma sai da haƙuri. A can, ƙarƙashin ƙasa ba ya nisa da digiri 10 rani da hunturu. Injin kan mayar da awo 1 na lantarki awo 3 zuwa 4 na ɗumi. Faifan rana kuwa yana dafa ruwan wanka, rarar zafinsa kuma ana iya mayar da ita ƙasa. Haƙa ramin da injin zai zuƙo ɗumi daga ciki ne mai tsada. Ka fara toshe kafofin sanyi a rufi da tagogi tukuna.