Guzurin Mai Tafiya Ƙasar Kurmi: Darasi Ga Ɗalibin Da Zai Je Gana

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya bambanta ruwanta da iskarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa ɗalibi, duk hutun ƙarshen shekara sai an sami wasu cikinku sun zo neman izini za su bi iyayensu Kumasi ko Ankara, wasu don sada zumunci, wasu don rakiyar fatauci. Ankara da nake nufi ita ce babban birnin Gana wadda takardu ke rubutawa Accra, ba ta Turkiyya ba. To, mu mutanen sarari ne, mun saba da rana mai ƙuna da busasshiyar iska. Kudancin Gana kuwa kurmi ne, ƙasar laima da yawan ruwa, kuma abin da ke kayar da baƙo a can daban yake da abin da ka saba tsoro a gida.

Ka sani ba kai ne farau ba. Tun ana tafiya da jakuna, fataken Kano da Katsina da Sakkwato suke zuwa Gwanja sayen goro, su sauka kasuwar Salaga da kanwa da tufafi da fatu, su yi wata da watanni a hanya. Cikin waɗanda suka bi wannan hanya akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Karachi ya zama limami, ya yi ta rubuce-rubuce da Larabci da Ajami har ya rasu a 1934. Zuriyar irin waɗannan bayin Allah su ne za ka tarar a unguwannin da ake kira zango: Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, Aboabo da Asawase a Kumasi.

Takardu tukuna

Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza don ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979. Amma rashin biza ba rashin takarda ba ne. Ka nemi fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, ka tabbata wa'adinta bai ƙare ba, ka yi mata hoto biyu, ɗaya a jakarka ɗaya a gida. Kada wani direba ya ce maka, "Bari kawai, ni na san hanya." Dattawan zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, mutanen da aka haifa a can suka kwashe komatsai suka bar gidajensu. Mu ma a 1983 mun yi wa 'yan Gana irinta. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma su bincika sosai kafin su tashi, domin ƙasarsu da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Sai katin rigakafin shawara, wato katin nan rawaya. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka ba ranar jajiberin tafiya ake zuwa ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, in ka taɓa yi sai ka adana katinka. Akwai masu sayen katin ba tare da allura ba. Ɗan'uwa, wannan ƙarya ce da ha'inci, ga kuma wauta a kai, domin jami'in kan iyaka kaɗai ka yaudara. Sauron da ke ɗauke da shawara ba ya duba kati, kuma da rana yake cizo.

In ta mota za ka bi daga Legas, iyaka uku ce gabanka: Seme zuwa Binin, Hilakonji zuwa Togo, sannan Lome zuwa Aflawo, inda ka taka ƙasar Gana. A Binin da Togo sefa ake kashewa, a Gana sidi. Ka canji kaɗan a kan iyaka, ka ƙirga a gaban mai canji kafin ka ba da naka. Wani abin da ke rikita baƙo: a 2007 Gana ta sauya kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma akwai tsofaffin da bakinsu bai sauya ba, sai su ambaci farashi da tsohon lissafi. In ka ji lamba ta yi maka nauyi, ka ce a nuna maka takardar kuɗin da ake nufi.

Ruwa da laima

Nan zan daɗe, domin nan ne ɗan arewa ya fi shan mamaki. A wurinmu damina ɗaya ce. A kudancin Gana biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Zafin can bai kai na Kano ko Damagaram a watan Afrilu ba, amma iskar jiƙe take. A gida kana yin zufa iska tana shanyewa, jiki ya yi sanyi. A kurmi zufar ba ta da inda za ta je, sai ta zauna a fata, riga ta manne, ka ji kamar an rufe ka da bargo. Daga nan ƙurajen zufa ke fitowa, da ƙyasbi, da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa.

Maganin abin mai sauƙi ne. Ka ɗauki tufafin auduga marasa nauyi, ka bar shadda mai sitaci sai ta Juma'a. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsunka kafin ka sa takalmi. Ka sayi laima da takalmin roba. Littattafanka da takardunka ka sa su cikin leda, domin fumfuna ba ta jin kunyar littafi. Ni da kaina na taɓa barin Iziyyata da takalmin fata cikin akwati na mako biyu a wani masauki a Kumasi, da na buɗe sai na tarar duk sun yi kore, har yau tabon na nan a bangon littafin.

Wanki kuma, in ka shanya da safe a gida kafin azahar ya bushe. A can yana iya kwana biyu da danshi. Kada ka shanya a ƙasa ko kan ciyawa yadda muka saba. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai laima da jiƙaƙƙen tufafi, in ka sa rigar sai tsutsar ta shiga fata, ta tashi kamar maruru da ɗan baki a tsakiya. Ka shanya a igiya cikin rana, ka goge komai da dutsen guga mai zafi, har ɗan kamfai da zanen gado. Zafin guga ke kashe ƙwan.

In ruwa ya tsuge a Ankara kada ka ratsa ambaliya, kwatocin birnin manya ne, in sun cika ba a gane bakinsu. A daren 3 ga Yunin 2015 mutane suka fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkuruma, mai ya malalo bisa ruwan, wuta ta kama, kimanin mutum 150 suka rasu. Allah Ya kiyaye mu.

Ruwan wanka ma akwai magana. Tafkin Bolta, wanda ya samu bayan gina madatsar Akosombo a 1965, yana da tsargiya, kada kyansa ya ja ka. Tekun kuwa, kai da iyonka na kududdufi ne, tsaya daga baki ka yi tasbihi. Igiyarsa tana janye mutum ciki, ko gwanayen iyo suna shakkarta.

Sauro da ciki

Kada ka ce, "Ai mu ma muna da sauro." A arewa zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙarfi da damina, a kurmi kuwa ba ya hutu duk shekara. Ka sa gidan sauro mai magani cikin kayanka, kada ka dogara ga na masauki. Daga magariba ka sa riga mai dogon hannu. In zazzaɓi ya kama ka, a yi gwajin jini a ranar, ban da jira a ga ko zai sauka. Mai sikila da mace mai ciki da ƙaramin yaro su ga likita tun kafin tafiya.

Ruwan sha, ko dafaffe ko na roba mai hatimi. In gudawa ta zo, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ka riƙa kurɓa. In da jini, ko amai ya hana ruwan zama, asibiti maza.

Abin da za ka ci

A zango ba za ka yi kewar gida sosai ba. Koko da ƙosai na nan da sassafe, har waɗanda ba Hausawa ba "Hausa koko" suke kiransa. Shinkafa da waken nan namu shi ne suke ce wa "waace", ana dafa shi da karan dafi ya yi ja. Tuwo kuwa "tuwon zafi" sunansa. Ka ɗanɗani nasu ma: fufu na rogo da ayaba, da banku, da dokunu da soyayyen kifi da yaji.

Amma ka tuna, ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne a ƙasar, kuma a kudu sun fi ƙaranci. In ka fita zango, ka tambaya kafin ka sa hannu. Akan sa ƙafar alade mai gishiri a wasu miyoyi, akan sa busasshen naman daji wanda mafarauci ya harbe ba yanka. Ba ya isa ka ce a tsame maka naman, miyar da aka dafa shi ciki ta riga ta haɗu da shi. Kifi da sauran halittun ruwa halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, saboda haka in ka rasa mahaucin Musulmi, kifi ya wadatar. Farin ruwan nan da ake sayarwa a ƙwarya bakin hanya bammi ne, ba kunu ba. Ka yi tambayarka da fara'a, ba da yatsina ba, mai abincin ba ta yi maka laifin komai ba.

Sallarka

Ka koma babin sallar matafiyi a Risala kafin ka tashi. Tafiyar da ta kai mil 48 ana ƙasaru cikinta: azahar da la'asar da lisha raka'a biyu-biyu, asuba da magariba yadda suke. Kana farawa in ka wuce gidajen garinku. To amma da zarar ka ƙudurta zaman kwana 4 cikakku a wuri, ka zama mazauni, sai ka cika. Ɗalibai da yawa kan yi kuskure a nan, mutum ya je hutun wata guda gidan kawunsa yana ta raka'a biyu. In kuma ka bi limami mazauni, ka cika tare da shi.

Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara naka tun a Hilakonji. Da yake ƙasar na kusa da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri, kada ka yi sakaci da magariba. Alƙibla gabas ce da karkata zuwa arewa. Ranar hadari ba za ka ga rana ba balle inuwa, sai ka duba mihirabin masallaci mafi kusa. Taɓon ruwan sama da ya fantsama a rigarka an yi rangwame a kansa matuƙar ba ainihin najasa ce ta rinjaye shi ba, saboda haka kada waswasi ya hana ka jam'i. In kuma ka ga an haɗa magariba da lisha a masallaci daren ruwa, ba bidi'a ba ce, yana cikin littafin da ke hannunka. In ka sami Juma'a a Ankara, ka je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021.

Ke kuma 'yar'uwa, hijabi mai kauri baƙi zai wahalar da ke a wannan laima, ki nemi yadi mara nauyi wanda ba ya nuna jiki, ki riƙe guda biyu ko uku don wanki ba ya bushewa da wuri.

Zama da mutane

Hausar zango za ta ba ka dariya da farko. Da yawa ba sa bambanta namiji da mace, sai ka ji an ce "yarinya ya zo". Ka riƙe dariyarka. Mutanen nan sun riƙe harshen shekaru aru-aru a tsakiyar wasu harsuna, kuma cikinsu akwai malaman da za ka durƙusa gabansu ka ɗauki karatu. Tonawa, wato Asante, suna da ladabin da ya yi kama da namu: ba a miƙa abu ko nuni da hagu, kuma in ka shiga taro kana gaisawa daga wanda ke damarka ka bi zuwa hagu. Ka koyi "medaase", wato na gode, za ka ga yadda fuska ke sakewa. Kada ka ɗauki hoton soja ko ofishin kan iyaka. Kada kuma ka karɓi saƙon wani a tasha ka ƙetare iyaka da shi in ba ka ga abin da ke ciki ba, ko da ya haɗa ka da Allah.

In za ka yi wa Malam da su Inna tsarabar goro daga Kumasi, a naɗe maka shi cikin ganye, ka riƙa yayyafa masa ruwa a hanya, domin da ka haura arewa iskarmu za ta fara busar da shi. Bayan ka dawo, in zazzaɓi ya taso cikin makonnin farko, ka je asibiti ka gaya wa likita ƙasar da ka fito da ranar da ka baro ta.

Wassalamu alaikum.