Ilmin Ƙididdiga: Darasi Domin Hakimai da Malaman Gunduma

Babu wani aikin mulki da ke tafiya ba tare da lissafi ba. In Gwamnati za ta gina makaranta, sai ta tambayi yawan yara. In za a aika da allurar rigakafi ko takin zamani, sai a tambayi yawan mutane, ko dabbobi, ko gonaki. Amsar kuwa daga bakin mai unguwa da dagaci take fitowa, ta bi ta teburin malamin gunduma, hakimi ya sa hannu, sa'an nan ta iso Kaduna. In adadin ya karkace tun daga tushe, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace. Wani gari ya sami aji biyu alhali kuwa shida yake bukata, wani kuma a kai masa magani ya yi yawa har ya lalace a sito.

Ilmin da ke koya yadda ake tattara adadi, da yadda ake auna gaskiyarsa, shi ake kira ilmin ƙididdiga. Tushensa ɗaya ne, watau darajar kowane adadi tana ga hanyar da aka bi aka samo shi. Wannan darasi zai bayyana ƙofofinsa huɗu, bayan mun dubi abin da ya faru a ƙasarmu.

Abin da ƙidayar baya ta koya mana

A zamanin En'e yawancin ƙirgen mutane da dabbobi domin haraji da jangali ake yinsa. Saboda haka talaka ya saba da cewa shiga littafi biya ne, ya koyi ɓoye baligin ɗansa, makiyayi kuma ya koyi kora shanu daji in ya ji labarin masu ƙirge. An soke haraji da jangali a jihohin Kaduna da Kano a 1979, amma tsoron alƙalami bai fita daga zukatan mutane nan da nan ba.

A ƙidayar 1952 an sami mutum kimanin miliyan 17 a Jihar Arewa. An yi wata a 1962, aka yi gardama a kanta har aka soke ta. Da aka sake a 1963, sai aka sami kusan miliyan 30. To, a lura. Jama'a ba safai takan ƙaru da fiye da 3 cikin 100 a shekara ta hanyar haihuwa ba. Bisa wannan, miliyan 17 cikin shekara 11 ba za ta wuce miliyan 23 da rabi ba. Ke nan ko dai an rage a 1952 don tsoron haraji, ko an ƙara a 1963 domin a lokacin yawan kujerun Majalisa ya danganta ga yawan jama'a, ko kuwa duka biyun sun faru. Ƙidayar 1973 ma soke ta aka yi. Ta 2006 ta ba da mutum miliyan 140 a Nijeriya duka. Abin koyi a nan shi ne, duk adadin da mai bayar da shi ke da riba ko hasara a cikinsa, wajibi ne a bincike shi ta wata hanya dabam.

Ƙofa ta fari: Samfur

Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya. Yakan zura hannu ya ɗebo kaɗan ya duba. Wannan ɗan abin da ya ɗebo shi ne samfur. Amma gwanin ciniki ba ya ɗiba daga bakin buhu kaɗai, don ya san a nan mai sayarwa ke ajiye mai kyau. Yakan ɗebo daga sama, da tsakiya, da ƙasa.

A ce ana son sanin yawan yaran da suka isa shiga makaranta a Unguwar Sarki, nan Kaduna. Wani malami zai ce hanya mai sauƙi ita ce ya tsaya a ƙofar Masallacin Sultan Bello ran Juma'a ya tambayi masu fitowa. Wannan bakin buhu ne. Yawancin waɗanda zai tarar maza ne masu lafiya, da yawansu ma daga wasu unguwanni suka zo. Gidan gwauruwa, da na majinyaci, da na wanda ba Musulmi ba, duk ba za su shiga lissafinsa ba, ko da ya tambayi mutum dubu biyar.

Ga hanyar da ta dace. A rubuta dukan gidajen unguwar, a ba kowanne lamba. A ce an sami gida 2,000, ana son a duba 100. Sai a rubuta lamba 1 zuwa 20 a 'yan takardu, a zuba a ƙwarya, a sa yaro ya zaro ɗaya. In 7 ta fito, sai a shiga gida na 7, da na 27, da na 47, haka har ƙarshe. In ba a tarar da kowa ba, a komo gobe, kada a musanya da gidan maƙwabci don sauƙi. A ce cikin gida 100 ɗin an sami yara 350. Matsakaici ke nan yara uku da rabi a kowane gida, watau kimanin 7,000 a unguwar.

Samfur ba ya faɗin adadi daidai wa daida, amma masana sun auna iyakar kuskurensa. In ana neman sanin kashi nawa cikin 100 na gidaje ke da wani abu, kamar rijiya, samfurin gida 100 yakan kuskure da abin da bai wuce kashi 10 ba, sama ko ƙasa. Na gida 400 bai wuce kashi 5 ba, na gida 2,500 kuwa kashi 2. Cikin bincike 20, kimanin 19 za su tsaya cikin wannan iyaka. A lura, kafin a rage kuskure da rabi sai an ninka aikin sau huɗu.

Yawa kuma ba ya gyara mugun zaɓe. A 1936 wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta tara amsoshin mutum fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Amma yawancin sunayen daga littafin masu tarho da na masu mota ta samo su, watau masu hali. Roosevelt ne ya ci, da jiha 46 cikin 48. A nan gida kuwa, binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 gida kimanin 42,000 kaɗai aka zaɓa, talatin talatin a wuri 1,400, ya kuwa isa a san halin ƙasa duka, domin da ƙuri'a aka zaɓe su.

Ƙofa ta biyu: Yiwuwa

Kada a ɗauka wannan duba ne ko da'awar sanin gaibu. Sanin gobe sai Allah. Abin da ake nufi da yiwuwa shi ne auna sau nawa abu yakan faru in an maimaita shi da yawa.

Kwabo fuska biyu gare shi. In aka cilla shi sama, yiwuwar wata fuska ta fito 1 ce cikin 2. Yiwuwar ta fito sau biyu a jere 1 ce cikin 4, sau uku 1 cikin 8, sau goma a jere kuwa 1 cikin 1,024. A jifa goma ba abin mamaki ba ne a sami bakwai da uku. Amma a jifa dubu goma, lalle rabon zai matso kusa ƙwarai da rabi da rabi. Ƙaramin adadi yakan yi tsalle, babba yakan natsu.

Amfanin wannan ga malamin gunduma a fili yake. An tabbatar a ƙasashen duniya cewa in an haifi mata 100, akan haifi maza wajen 105. In ƙauye ya kawo rahoton haihuwa goma, maza bakwai mata uku, babu abin tuhuma. Amma in gunduma ta kawo haihuwa 1,000, maza 700 mata 300, to, ba a rubuta 'ya'ya mata ne, sai a koma a bincika. Haka kuma in mutum biyu sun rasu a wani ƙauye bara, bana huɗu, kada a rubuto cewa mutuwa ta ninka. A dubi shekaru da dama tukuna.

Ƙofa ta uku: Tafiya tare

In abu biyu suna hawa tare suna sauka tare, akan ce akwai dangantaka tsakaninsu. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma gano abin da ya tsamar da shi wani aiki ne dabam. Tafiya tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan.

Zazzaɓi yakan yi yawa lokacin da sabuwar masara ta nuna, har wasu kan ɗora laifin a kan masarar. Alhali kuwa akwai na uku a ɓoye, shi ne ruwan damina. Shi ke nunar da masara, shi kuma ke cika kududdufan da sauro ke haihuwa a ciki. Tun 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a ƙasar Indiya.

Wani lokaci kuma littafin ne ke ruɗin mutum. Garin da ke da ɗakin magani ya fi yawan majinyata a rubuce, ba don ya fi ciwo ba, sai don a nan ne akwai mai rubutawa.

Duk da haka dangantaka tana nuna inda za a tona. An lura ciwon barci ya fi kama mazauna bakin rafi mai duhuwa. Bincike ya nuna ƙudan tsando ne ke zaune a duhuwar yana ɗaukar cutar. Bisa wannan aka yi aikin Anchau a Lardin Zazzau, wanda aka soma kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Aka sare duhuwar rafuka, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya, cutar kuwa ta ja baya.

Ƙofa ta huɗu: Gwajin zato

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ce an kawo wani sabon taki, ana cewa yana ƙara gyaɗa. In aka zuba shi a gonar mai hali kaɗai ta yi kyau, ba a san ko takin ne, ko ƙasar, ko yawan noman ba.

Ga yadda ake yi. A zaɓi gona goma, a raba kowace biyu daidai. A jefa kwabo ya nuna ɓangaren da za a sa wa taki. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Da kaka a auna amfanin kowane ɓangare a sikeli.

Sa'an nan a soma da zaton cewa takin ba ya ƙara kome, kamar yadda alƙali ke ɗaukar wanda ake ƙara ba shi da laifi sai an kawo shaida. In zaton nan gaskiya ne, kowace gona kamar jifan kwabo take. Lissafi ya nuna cewa, ko da taki ba ya aiki, ɓangarensa zai yi rinjaye a gona bakwai ko fiye sau 1 cikin 6, a takwas ko fiye sau 1 cikin 18, a tara ko fiye kuwa wajen sau 1 cikin 93. Masana sun saba kafa iyaka a 1 cikin 20. Saboda haka rinjaye a gona bakwai ba hujja ba ce, dace kaɗai na iya kawo shi. Takwas tana bakin iyaka, a sake gwadawa baɗi. Tara ko goma kuwa sun isa a yar da zaton farko, a ce takin yana aiki.

Wani Bature mai suna Ronald Fisher ne ya tsara wannan hanya a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, inda ya kama aiki a 1919. Irinta ake bi a gonar gwaji ta Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Amma a tuna abu biyu. Rashin samun hujja ba ya nufin takin banza ne, wataƙila gonakin ne suka yi kaɗan. Samun hujja kuma ba ya nufin akwai riba, sai an gwama kuɗin takin da kuɗin gyaɗar da ta ƙaru.

Abin da ake roƙo

Ana roƙon hakimai, Allah ya ja zamaninku, kafin ku sa hannu a kan kowane rahoto ku tambayi abu huɗu: wa ya ƙirga, yaya ya zaɓi waɗanda ya ƙirga, nawa ya gani da idonsa, kuma wa ke da riba in adadin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Malamai kuma su riƙa bambanta ƙirge da kintace a rubuce, su sa ranar da aka yi aikin. In wani ƙauye bai kawo nasa ba, a bar gurbinsa fili a faɗi dalili. Gurbin da aka bari a fili ana iya cika shi daga baya, amma adadin da aka ƙaga ba mai gane shi sai ya yi ɓarna.

Aikin gwaji domin malamai

1. Gari yana da gida 900, ana son a duba 60. Gida nawa za a riƙa ƙirgawa kafin a shiga na gaba?

2. Cikin gida 60 ɗin an sami awaki 240. Awaki nawa ake zato a garin duka?

3. Dagaci ya ce tun da aka haƙa sabuwar rijiya tari ya yi yawa a ƙauyensa, an kuwa gama rijiyar a farkon hunturu. Me za a amsa masa?