DARASI: YADDA SALMANUL FARISI YA NEMI NATSUWAR ZUCIYA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa saurayi, kana ci kana sha, iyayenka suna son ka, amma in dare ya yi sai zuciya ta ƙi kwanciya. To, saurari labarin wani saurayi irinka, kamar yadda Imamu Ahmad ya ruwaito shi daga Ibnu Abbas.

Salmanu ɗan mai gari ne a ƙauyen Jayyu, kusa da Isfahan a ƙasar Farisa. Majusi ne, shi ke kula da wutar da suke bauta wa don kada ta mutu. Saboda tsananin so, ubansa ya kulle shi a gida kamar budurwa. Ran nan aka aike shi gona, ya bi ta wani coci, ya ji ibadar Nasara, ya ga ta fi tasu. Da uban ya ji, sai ya sa masa mari a ƙafa. Ka lura, ɗan'uwa: son da ya hana ka gaskiya, mari ne.

Ya kwance marin, ya gudu Sham, ya zauna wurin babban malamin coci. Ashe mutumin nan yana sa jama'a sadaka, shi kuwa yana ɓoyewa, har ya cika tulu 7 da zinariya da azurfa. Da ya mutu, Salmanu ya tona asirinsa. Bai rufe don malaminsa ne ba, kuma bai fasa nema ba. Ya bi mutanen kirki ɗaya bayan ɗaya, daga Sham zuwa Mausil, Nasibin, har Ammuriyya. Na ƙarshensu ya gaya masa wani Annabi ya kusa bayyana, zai yi hijira zuwa ƙasar dabino. Ya ba shi alamu 3: ba ya cin sadaka, yana cin kyauta, akwai hatimin annabta tsakanin kafaɗunsa.

A hanya fatake suka ci amanarsa, suka sayar da shi, ya zama bawan wani Bayahude a Madina. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya iso, Salmanu bai yi gaggawa ba. Ya kai abinci ya ce sadaka ne, Annabi bai ci ba. Ya sake kaiwa ya ce kyauta ce, ya ci. Da ya ga hatimi, sai ya faɗa yana sumbata yana kuka. Nan zuciya ta kwanta, alhali har lokacin bawa ne. Daga baya aka fanshe shi da itacen dabino 300 da uƙiya 40 ta zinariya. Shi ne ya ba da shawarar haƙa gwalalo a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira.

Abin lura, ɗan'uwa:

Na ɗaya, da dukiya da gata ke kawo natsuwa, da Salmanu bai bar gidan ubansa ba.

Na biyu, kada lalacewar malami guda ta sa ka bar addini, kada kuma son malami ya rufe maka ido.

Na uku, nemi hujja kafin ka miƙa zuciyarka ga kowa.

Kai fa ba sai ka je Sham ba. Alƙur'ani da hadisi suna cikin garinku. Tashi yau ka je makaranta, ka riƙe sallar jam'i. Allah ya ba mu natsuwa da son Manzonsa, amin.